Buhu Na Ɗaya

A daminar da ciwo ya faɗa wa citta a kudancin Kaduna, ganye ya yi ja, saiwa ta ruɓe a ƙasa tun daga Kafanchan har Manchok, ina sakatare a ofishin wata ƙungiyar manoman citta. Abin da zan ba da labari ya faru ne a bazarar da ta biyo baya, lokacin da kowa ke neman iri mai lafiya ido rufe.

Ni da allo na fara, boko daga baya ya zo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini ajami kafin in san akwai wani rubutu da ake farawa daga hagu. A wurinsa kaf lasan daban, ƙaf wau daban, dal daban, ɗa mai hannu daban, wanda kuma ya haɗa su zai sha bulala. Da na girma na shiga aikin ofis, sai na tarar kibod ɗin kwamfutarmu ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Abokan aikina ba su damu ba, yawancinsu Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kasa da ƙasa duk ɗaya suke bugawa. Ni kuwa hannuna ya ƙi. Sai na buɗe wani ɗan fayil na ajiye haruffan nan a ciki. Duk lokacin da na zo kan ɗayansu, sai in saki kibod, in kama linzamin kwamfuta, in je in kwafo shi in liƙa. Wasiƙar da wani zai gama cikin minti biyar takan ci mini rabin awa. Mataimakina shi ya fi kowa yi mini dariya a kan haka. Yakan ce, "Malam ya tafi ɗebo ruwa a rijiya kuma." Shekara shida muna ofis ɗaya da shi, kwano ɗaya muke ci da rana, ni na koya masa yadda ake rubuta bayanin taro.

A bazarar nan ƙungiya ta samu iri mai lafiya, amma kaɗan ne ƙwarai. Aka sauke shi a sitonmu na Godogodo. Mai kula da siton wata mata ce mai gaskiya, matar malamin firamare, jagorar waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Madam muke ce mata. Ciyaman ɗinmu, tsohon hedimasta kuma dattijon coci, ya ce ni da ita mu kasa irin a ƙananan buhuna, mu ɗaure kowanne da sunan mai shi, kafin labari ya fita mutane su cika ƙofa, masu ƙarfi su danne marasa ƙarfi. Ranar Talata na aika mata imel daga kwamfutar ofis. Har yau ina riƙe da shi a kaina:

"Madam, iri ya iso. Kada ki gaya wa kowa tukuna, ko maigidanki. Na ƙosa mu gama. Ki shirya ranar Asabar mu ɗaure, igiya tana hannuna. Ki bar ƙofar baya a buɗe."

Ranar Alhamis da hantsi Ciyaman ya kira ni ofishinsa. Na tarar da mijin Madam a tsaye, riƙe da takarda. An kai masa ita makaranta a ambulan, ba suna. Ya karanta da ƙarfi, yana tuntuɓe a kan kalmomi. Babu maganar iri a ciki, an yanke ta. Da ya zo tsakiya sai na ji ya ce, "Ki shirya ranar Asabar mu aure, igiya tana hannuna."

Na ce ɗaure na rubuta, buhuna nake nufi. Ya tambaye ni ko buhu ne ake ɓoye wa miji, ko buhu ne ake bar wa ƙofar baya. Na nemi a buɗe imel ɗin ofis a duba abin da na aika. Aka buɗe, ba a samu kome ba, an goge shi. Na ce a duba wayar Madam. Mijin ya ce ya daka wayar a turmi tun jiya da yamma, Madam kuma tana gidan iyayenta. Ciyaman bai ɗaga murya ba. Ya ce in ajiye makullai in zauna a gida sai kwamiti ya zauna, ya ba ni hoton takardar don in shirya amsa. Rabon iri kuwa ya koma hannun mataimakina.

Wanda ya san garinmu ya san nauyin wannan magana. Musulmi mai furfura da matar aure Kirista, a wurin da ƙaramar jita-jita ta sha zama babbar wuta. Kafin Juma'a labari ya kai kasuwa. Mai nama da na shekara ashirin ina saye a wurinsa ya ce mini, "Ango, tsoka nawa?" A masallaci wanda ke gefena a sahu ya ɗan matsa. Matata kuwa ta daina tambayata abin da za a dafa. A Godogodo kuma aka ce Madam ta dakata da jagorancin waƙa sai an bincika. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, a kwanakin nan ban roƙi haƙuri ba ko sau ɗaya. Abin da nake roƙo a sujada shi ne a nuna mini fuskar wanda ya yi wannan, a kuma ba ni tsawon rai in tsaya a kansa.

Ina da wata al'ada. Duk maganar da ta dame ni, sai in zauna in kwafe ta da ajami, harafi bayan harafi, don alƙalami yana tilasta wa mutum ya tafi a hankali. Ranar Asabar bayan la'asar na shimfiɗa buzu a zaure, na ɗauko tawada, na fara kwafe takardar nan. Da na zo inda ya kamata in ja ƙaf wau a "ƙosa", sai na ga babu abin da zan ja. "Osa" aka rubuta. Na ci gaba. "Ofar baya." "A bue." Mijin Madam da bakinsa ya cike guraben yana karantawa, kamar yadda kowa ke yi da rubutun waya. Wuri ɗaya ne kawai ba a ga gurbi ba, don da aka cire ɗ daga ɗaure sai wata kalma mai rai ta tsaya a wurin. Bahaushe ba zai ce "mu aure" ba, sai dai "mu yi aure", amma a bakin mutanenmu na nan "mu aure" magana ce ta kullum, ba wanda zai yi tuntuɓe da ita.

Na ajiye alƙalami. Da wani ne ya buɗe wasiƙata ya karanta, da ya ga haruffan. Wannan takarda abin da yatsuna suka danna kaɗai ta sani. Abin da na ɗebo da linzami bai kai gare ta ba.

Akwai wata malama da ke koyar da kwamfuta a kwalejin garin Gidan Waya. Mahaifinta da nawa sun yi maƙwabtaka a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, ita kuma Baba take ce mini ko da yake ta kusa hamsin. Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci na hau mashin na je gidanta da takardar da kwafin ajamina. Ban gama bayani ba ta ce ta gane. Ta ce akwai manhajar leƙen asiri da ake ɓoyewa a kwamfuta, aikinta ta rubuta duk maɓallin da aka danna ta aika wa wanda ya dasa ta. Ta haka ya samu wasiƙar, ta haka kuma ya samu kalmar sirrin imel ɗin ya shiga ya goge. Ta ce masu tsada har abin da aka kwafo da linzami suna ɗauka, har hoton fuskar kwamfutar. "Baba, ka gode wa Allah ɓarawonka marowaci ne, mai arha ya sa."

Da yamma muka ɗauki Ciyaman, mu uku kaɗai, ya buɗe ofis. Farko ta zare wayar intanet. Sannan ta buɗe jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye a cikin kwamfutar, da jerin waɗanda ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna ta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta tsaya a kan wani mai suna kamar na firinta, ta ce firintarmu ba wannan iri ba ce. Ta bi shi har wata jaka da aka ɓoye, ta buɗe. Ga rubutuna na wata huɗu, duk a giɓe kamar bakin tsoho. Ga wasiƙar Madam da farkonta, "iri ya iso", da sauran yadda aka karanta ta. Ta duba sauran kwamfutoci biyu, ta ma'aji da ta Ciyaman kansa, duk akwai. An kuma kashe manhajar tsaro a dukansu. Ta ce da filash aka sa, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, kuma wanda ya sa ya zauna a kujerun nan. Adireshin da ake aika wa rubutun kuwa tarkacen lambobi ne, ba ya nuna kowa.

Ciyaman ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Malam, ka gafarce ni." Ya ce a cire abin yanzu, gobe ya tara mutane ya wanke ni.

Na ce a bar shi. Malamar ta ce barinsa haɗari ne, duk abin da aka buga yana fita. Na ce kwana biyar kawai nake roƙo, kuma kada a buga wani abu mai muhimmanci a ciki. In an wanke ni gobe, rabin gari za su ce dattawa sun rufa wa ɗan'uwansu asiri, Madam kuma za ta mutu da tabon. Ina zargin mataimakina, don shi makullin sito ya koma wa, amma mutum biyar ke shiga ofishin nan, kuma zato ba shaida ba ne. Ina so mai laifin ya kawo kansa da ƙafarsa.

Ranar Litinin Ciyaman ya sanar cewa an ba ni kwana uku in zo in miƙa takardu. A bayan ofis muna da ɗakin ajiya inda ake jera buhunan takin zamani, kowanne da lambarsa da fenti, na ɗaya, na biyu, har ƙarshe. Na sayi buhun aya a kasuwa, Ciyaman ya sa aka shigar da shi can kusurwa, ya ce na matarsa ne mai yin kunu, zai ɗauka in ya samu mota. Ranar Alhamis na zauna a kwamfutata na rubuta wa Ciyaman wasiƙa, a hankali kamar kullum, ina zuwa rijiyata ina dawowa. Na ce wani ya ga wanda ya kai ambulan makarantar mijin Madam, ya rubuta mini shaida ya sa hannu. Na ce, "Na ɓoye takardar a cikin buhu na ɗaya a ɗakin ajiya, ranar Litinin zan miƙa wa kwamiti." Na san yadda za ta isa can: buhu na aya. Ƙarya ce na rubuta, babu wani mai shaida, kuma na nemi gafarar Allah a kanta daga baya, ba a ranar ba.

Ranar Juma'a Ciyaman ya ce zai tafi jana'iza Manchok, ya fita, ya zagaya ya zauna a shagon tela da ke kallon bayan ofis, shi da ma'aji. Ni na tafi masallaci. Ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Ana sallamewa na taho, ko addu'ar liman ban jira ba.

Na tarar Ciyaman ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiya ta waje, ya jawo benci ya zauna. Ya miƙo mini makulli ya ce mutumin yana ciki, ni ya kamata in buɗe.

Mataimakina na tsaye a tsakiyar ɗaki, ya naɗe hannun riga, ƙura har gwiwar hannu. Ya zazzage buhun aya kaf a ƙasa, ba inda za ka taka. Buhun taki na ɗaya yana bakin ƙofa, ɗinkinsa ko taɓa shi ba a yi ba. Ya ce ɓera ya gani ya shiga ciki.

Na ce, "Me kake nema a cikin aya?"

Ya fara tattara ayar da ƙafa.

Na ce, "Ɗaya na rubuta. Ga shi nan ka tsallake shi. Wanda ya karanta wasiƙata nan zai tsaya. Wanda ya saci yatsuna shi zai je can." Ciyaman ya karɓi wayarsa, ya ce ya buɗe. Wasiƙar tana ciki da giɓinta.

Ya durƙusa a kan ayar. Ya ce wasu 'yan kasuwa ne suka yi masa alkawari in ya karkatar musu da irin, kuma ya san muddin ni da Madam muna kai ba zai yiwu ba. Ya ce da farko labarin isowar iri kawai yake so ya riƙa ji, sai wasiƙar ta faɗo masa a haka, shaiɗan ya nuna masa hanya. "Malam, Madam bai yi mini kome ba, kai ma ba ka yi mini kome ba. Ka dubi yarana."

Na ce na dube su, shi ne bai dubi na Madam ba.

Kashegari malamar ta dawo. Ta kwashe hoton shaidar ta ajiye wa kwamiti, ta kwafe takardun ƙungiya zuwa wuri mai tsabta bayan ta tace su. Ta ce ba ta yarda da cire manhajar kawai ba, wanda ya dasa ɗaya zai iya dasa biyu, don haka za ta wanke kwamfutocin uku gaba ɗaya ta sake zuba musu kome sabo. Na roƙe ta ta bar ni in danna maɓallin da zai wanke tawa. Na yi bisimilla na danna. Bayan haka ta sa kowa ya canza kalmar sirri, ta rufe hanyar sa sabuwar manhaja sai da izinin Ciyaman, ta hana sa filash ɗin waje, ta kunna manhajar tsaro ta nuna mana inda za mu riƙa dubawa ko an kashe ta. Ta so ta sa mini kibod mai haruffan Hausa. Na ce ta sa, amma ta bar mini ɗan fayil ɗina.

Kwamiti ya kore shi, aka karɓe makullin sito kafin buhu ɗaya ya fita. Wasu suka ce a kai shi wurin 'yan sanda. Wasu, har da kawunsa da ya zo gidana sau biyu da faston cocinsu, suka ce a rufe maganar a cikin ɗaki, ya ba ni haƙuri a gaban dattawa shi ke nan. Na ƙi duka biyun. Na ce a ɗaki ba a ɓata mu ba. Abu ɗaya nake bin sa: ya je cocin su Madam a Godogodo ranar Lahadi, ya tsaya a gaban jama'a, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya karanta wasiƙar yadda na rubuta ta. In ya yi, ba ni ba 'yan sanda. Kawun ya ce wannan ai yanka ne ba wuƙa. Na ce haka nake so. Faston ya ce tuba da ba a faɗa ba rabin tuba ne, zai yi magana da ɗan'uwansa faston Godogodo.

Sai da ya yi mako uku yana jan ƙafa. Na aika masa cewa mako na huɗu zan kai takardun caji ofis da kaina.

Ranar Lahadin na je da wuri. Faston wurin ya ce in shigo, na gode masa, na ce benci a ƙarƙashin mangwaro ya ishe ni, tagogi a buɗe suke. Bayan wa'azi aka kira shi. Muryarsa ta yi ƙasa, wata tsohuwa daga baya ta ce ya ɗaga, ai lokacin da yake yaɗawa ba raɗa ya yi ba. Ya faɗi kome, filash ɗin, ambulan ɗin, layin da ya yanke. Da ya zo karanta wasiƙar, harshensa ya kasa ɗ, ya ce "daure". Na miƙe na leƙa ta taga na ce ya sake. Sau uku ya maimaita kafin ta fito. Mijin Madam ya sunkuyar da kai. Ita tana zaune cikin mata, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dubi kowa ba.

Da aka tashi, mijin ya zo ya kama hannuna da hannu biyu. Mataimakina shi ne ƙarshen fitowa. Ya tsaya nesa kaɗan da bencin, rigarsa ta jiƙe da gumi.

Ya ce, "Malam, na biya?"

Na bar shi a tsaye na ɗan lokaci. Na duba zuciyata ko akwai sauran abin da nake so in gani, ban samu ba.

Na ce, "Nawa dai ka biya. Na Madam kuwa, ita za ka tambaya."

Ya juya ya nufi inda mata suka taru. Ban tsaya jin amsarta ba, azahar ta yi, na tafi neman ruwan alwala.